Yadda ake gano inda ruwan sama ke shiga motar gudu mai ƙofa biyu

Tun da damina ta kankama nake shan tambaya iri ɗaya daga masu ƙananan motocin nan na gudu, masu ƙofa biyu, waɗanda ake shigo mana da su na hannu daga Turai da Amurka. An yi ruwa da dare, da safe an tarar kafet ya jiƙe, gilashi ya yi gumi ta ciki, mota tana warin danshi. An kai gareji an lafta mata silikon, ruwa na gaba ta sake jiƙewa. Ga yadda ake bin sawun ruwan daki-daki har a kama inda yake shiga.

Ka riƙe abu ɗaya kafin ka taɓa komai. Ba a ƙera motar don ruwa ya kasa shiga jikinta ba. An ƙera ta ne ruwa ya shiga wasu wurare, ya bi magudanar da aka yi masa, ya fita ta ƙasa. Kamar soro ne da indararonsa: in indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a sama, sai ya nemi hanya ta cikin ɗaki, kuma inda yake ɗigowa ba lallai nan ne inda ya shiga ba. Mafi yawan motocin da ake cewa suna yoyo ba hujewa suka yi ba, hanyar fitar ruwansu ce ta toshe.

Mu a Damagaram matsalar ta fi tsanani. Kusan wata takwas ba ɗigon ruwa, ƙurar hunturu tana cika kowane rami, ganye da furen dogon yaro suna bin bayanta, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana gasa robobi har su taurare. Ruwan farko ya kwaɓa ƙurar ta zama laka, laka ta bushe ta rufe hanya. Sai Agusta ta zo. Milimita 1 na ruwan sama lita 1 ne a kan kowane murabba'in mita. Ke nan ruwan milimita 30 a kan rufi da gilashin da faɗinsu ya kai murabba'in mita 2 lita 60 ne, jarka uku cur, kuma kaso mai yawa daga ciki ta ramukan da ba su fi kaurin yatsa ba ake son ya wuce.

Kayan da za ka tanada

Tocila mai haske sosai, buta biyu, jarkar ruwa biyu ko uku, tsofaffin jaridu, ƙyallaye, hodar jarirai ko garin alli, tef na takarda irin na masu fenti, sabulun ruwa, sifana mai lamba 10, sukudireba, babban sirinji ba allura, da igiyar nailan mai kauri ko bawon igiyar burkin keke mai tsawon mita ɗaya da rabi. Sai mutum na biyu, ƙanenka ko wani yaro mai haƙuri. Shi ne ya fi duk sauran kayan muhimmanci.

Rabin kayan nan suna cikin gidanka, sauran kuma zagaye ɗaya a kasuwar Dole ya isa, ƴan jikkoki kaɗan ne. Inda kuɗi ke tafiya shi ne robar rufi ta asali da kwamfutar mota, don yawanci sai an aiko daga waje. Yuro ɗaya sefa 656 ne, saboda haka abin da ka gani an sa masa Yuro 100 ya kama sefa 65,600 tun kafin kuɗin aikowa da na duwan. Shi ya sa ba a sayen komai sai an gama bincike.

1. Tabbatar ruwan sama ne

Ba duk ruwan da ke cikin mota ne na sama ba. Dangwala farin ƙyalle a wurin da ya jiƙe, ka duba launi, ka shinshina, ka murza tsakanin yatsu.

Idan ruwan garau ne, a gefen mai zaman banza, kuma yana zuwa ko ba a yi ruwa ba, ka fara zargin na'urar sanyaya mota. Da damina iska tana da laima, na'urar tana tara ruwa fiye da na rani, kuma ɗan tiyon da ke zubar da shi ƙasa yana toshewa. Kunna ta kwata ɗaya na awa mota tana tsaye, ka leƙa ƙasa. Ya kamata ka ga tana ɗigo. In ƙasa a bushe take kafet kuma yana jiƙewa, ka sami amsarka, ba ruwanka da rufi.

Idan yana da launi, yana da santsi, yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, na lagireto ne, yana fitowa daga ƙaramin tukunyar ɗumama mota da ke bayan dashbod. Kar ka ce ai ba ka taɓa kunna ɗumi ba, a motoci da yawa ruwan yana zagayawa ta cikinta kullum. Sai dai da yawanmu ruwan famfo zalla muke ɗurawa a lagireto, to launi ba zai nuna maka komai ba. A nan sai ka sa alama a robar ajiyar ruwan inji yana sanyi, ka duba bayan kwana biyu ko ya ragu.

Hattara: kar ka ɗanɗana. Ruwan lagireto guba ne, kuma kar a bar ƙyallen inda yara ko dabbobi za su kai.

Idan kuma ruwan yana da ja-ja da yashi, daga ƙasa ya shigo. Motocin nan ƙasa-ƙasa suke, ruwan da ke kwanciya a lungunan Birni ko Garin Malam bayan an ɗauke, wanda babbar mota za ta ratsa lafiya lau, ita yana iya kai mata bakin ƙofa. Duba ƙasan motar ko wata robar toshe rami ta faɗi.

2. Kare wutar mota

Abin da ke cin kuɗi a yoyo ba kafet ba ne, kayan wuta ne. Masu ƙera motocin nan ba su da wuri, sai suka cusa na'urori a mafi ƙasƙancin lungu. A Porsche Boxster na 1996 zuwa 2004, akwatin da ke ba mota izinin tashi yana ƙarƙashin kujerar hagu, wato ta direba a wurinmu, kuma in ya sha ruwa motar ba za ta tashi ba. A BMW Z4 na 2002 zuwa 2008, injin ɗaga rufi yana cikin wani rami ta hagu a bayan direba, inda ruwa ke taruwa in magudana ta toshe. A Mercedes SLK da SL na wancan zamani, famfon iskar da ke kulle ƙofofi yana cikin but, a naɗe da soso mai shan ruwa. Ford Mustang na 2005 zuwa 2009 kuwa akwatin fis ɗinta yana gefen ƙafar mai zaman banza.

Idan ka tarar ruwa ya kwanta kusa da irin waɗannan, kar ka murza makulli don ka ga ko za ta tashi. Wannan gwajin ne ke ƙona abin da da zai bushe ya ci gaba da aiki. Cire kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi, ka kauda shi gefe.

Hattara: kafin ka cire batir, sauke gilasan ƙofa kaɗan. Yawancin motocin nan gilashin ƙofarsu ba shi da ƙarfe a kewaye, yana sauka ɗan kaɗan da kansa in an buɗe ƙofa, ya koma in an rufe. Ba wuta ba zai sauka ba, kana bugo ƙofa sai ya daki roba ko ya tsage. Haka kuma kar ka rufe murfin inda batir yake in da wuta ake buɗe shi, ka sa ƙyalle a bakin makullin. Wasu rediyoyin suna neman lambar sirri bayan an mayar da batir, ka tabbatar kana da ita.

3. Kwashe kaya, ka busar

Ba a neman yoyo a jiƙaƙƙiyar mota, don ba za ka bambance sabon ruwa da tsoho ba. Fitar da shimfiɗun ƙafa, ka kwashe but har tayar safiya, ka ɗaga kafet. Sama zai iya zama a bushe, amma ka matsa sosan da ke ƙarƙashinsa da hannu ka ga. Yana iya riƙe lita da yawa na makonni. Idan ya jiƙe sosai sai an kwance kujeru an fitar da shi gaba ɗaya.

Hattara: soket mai launin rawaya da ke ƙarƙashin kujera na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi haɗari. Kar a taɓa shi sai an cire batir an jira minti goma, kuma kar a kunna mota yana cire, in ba haka ba fitilar gargaɗi za ta kama, a wasu motocin sai da kwamfuta za a kashe ta.

Busarwa dai Allah ya hore mana rana. Shanya kafet da soso a kife, ka bar ƙofofi a buɗe. Yini ɗaya mai kyau yakan isa ga ƙarfe, soso kan nemi biyu. Ka dai sa ido a gabas, hadarin Agusta ba ya sallama.

4. Karanta sawun da ruwa ya bari

Wannan ne wurin da ƙurarmu ke yi mana rana. Ruwan da ya bi ta jikin ƙarfe mai ƙura yana barin layi, wani lokaci fari-fari, wani lokaci ja. Kwanta da tocila ka bi kowane layi zuwa sama, har inda ya ɓace. Duba tsatsa a kan ƙusoshi, da kore-koren da ke fitowa a bakin soket. Tuna kuma yadda motar take ajiye ranar da ta jiƙe: gabanta ne a gangare ko bayanta, ta karkata hagu ko dama. Akwai motar da ba ta yoyo sai an ajiye ta hanci ƙasa. Gwajin da za ka yi a gaba, a irin wannan tsayuwar za ka yi shi.

Daga nan ka barbaɗa hoda sama-sama a wuraren da kake zargi, ka shimfiɗa jarida a ƙasa da bayan kujeru da cikin but. Ɗigo ɗaya yana nunawa a jarida, kuma ruwa yana zana hanyarsa a cikin hoda.

5. Buɗe magudanai kafin ka zargi roba

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa.

Fara da gindin gilashin gaba. Buɗe bonet, ka duba robar nan mai raga da ke ƙarƙashin waifa. A ƙarƙashinta akwai kwari da ke karɓar duk ruwan gilashi, yana zubar da shi ta gefe biyu bayan tayoyin gaba. Ta cikin kwarin nan ne kuma iska ke shiga mota. In ya cika, ruwa ya haura ya bi hanyar iska ya sauko kan ƙafar mai zaman banza. Matsalar Mustang ɗin da na ambata ke nan. Kwashe ganye da hannu tukuna, kar ka tura su ciki. A Mazda MX-5 na 2005 zuwa 2015 akwai wani ƙarin abu: ƙusoshin da ke riƙe wannan robar suna zama a cikin wasu ƴan robobi masu kusurwa huɗu, sosan da ke ƙarƙashinsu yana ruɓewa, ruwa ya riƙa ɗiga ciki ta nan. A Boxster kuwa ka duba ramukan da ke kewayen batir a gaba.

Sai na rufi. Idan rufin yadi ne, ruwan da ke gangarowa bayansa yana faɗawa cikin wata kwata da ke zagaye gindinsa, ta kai shi rami biyu, hagu da dama, a bayan kujeru inda rufin ke kwanciya. Daga nan tiyo ya sauke shi ƙasa kusa da tayar baya. Ɗaga rufin rabi, ka haska. Sau da yawa ba za ka ga ramin ba ma, sai dunƙulen busasshiyar laka. Idan mai tagar sama ce, ramukan huɗu ne, ɗaya a kowace kusurwa, na gaba suna bin ginshiƙan gilashin gaba.

Yadda ake buɗewa: jiƙa lakar da ruwa kaɗan daga sirinji, ka ba ta minti biyar ta yi laushi. Naɗe bakin igiyarka da tef don kar ta yi kaifi, ka zura a hankali kana murzawa. In ta tsaya, ja baya kaɗan, ƙara ruwa, sake murzawa. Za ka ji lokacin da ta wuce, hannunka zai yi sako-sako, sai baƙin ruwa mai wari ya tsuge ƙasa gaban taya, da ruɓaɓɓen ganye, wani lokaci har da ƙwallon dogon yaro. Bayan nan ka zuba buta ɗaya ka sa ƙanenka ya duba ƙasa. Abin da ka zuba shi ya kamata ya fito, kuma da sauri. In ka zuba buta guda rabi ya fito, sauran yana cikin mota, ma'ana tiyon ya tsage ko ya zame daga mazauninsa.

Hattara: kar ka zura waya mai tauri, kuma kar ka kai wa mai faci ya hura da iskar taya. Tiyon nan cusa shi kawai aka yi, zafi ya riga ya gasa shi. Waya tana huda shi, iska mai ƙarfi tana fizge shi daga haɗinsa a can cikin jikin mota inda hannu ba ya kai. Toshiyar da igiya za ta buɗe sai ta koma aikin kwance rabin mota.

Na ƙarshe, ƙasan ƙofofi. Kowace ƙofa tana da ƴan ramuka a ƙarƙashi. Girgiza ƙofar, in ka ji ruwa yana motsi a ciki, buɗe su da tsinke. Haka dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa yana da nasa ramukan, kuma masu ɗaga mota da jak a inda bai kamata ba sukan matse su.

Idan ka sami magudana a toshe ka buɗe, kar ka yi saurin mayar da kafet. Ci gaba zuwa gwaji, don yoyo kan zo biyu-biyu.

6. Gwajin ruwa, daga ƙasa zuwa sama

Ƙanenka ya shiga da tocila, a rufe ƙofofi da gilasai yadda ake barin motar da dare. Idan gilasai na wuta ne, mayar da soket ɗin kujeru in ka cire su, sannan batir, don wannan, muddin ka tabbatar kayan wutan sun bushe, ko ka lulluɓe su da leda. Kai kana waje da buta.

Ƙa'idar ita ce a fara daga ƙasa a riƙa hawa. In ka fara daga rufi, ruwa zai bi ko'ina, ya shiga, ba ka san ta ina ba. Jerin da nake bi: bakin ƙofa na ƙasa, gefen ƙofa, gindin gilashin ƙofa, madubi, gindin gilashin gaba, gefensa, samansa, haɗin rufi da gilashin ƙofa, sannan rufin kansa. Gama gefe ɗaya kafin ka koma ɗayan. But kuma nasa daban: fitilun baya, bakin murfi, sannan gindin gilashin baya.

Kowane wuri ka ba shi aƙalla minti biyar na ruwa siriri mara yankewa. Nan ne haƙuri ke ƙarewa, don ruwa yana iya bin haɗin ƙarfe na tsawon hannu kafin ya ɗigo. Ka gaya wa na ciki abin da kake so tun farko: "Kai, kar ka jira sai ka ga ruwa yana zuba. Da ka ga hoda ta yi duhu, buga gilashi." In ya buga ya ce "Yaya, ga shi nan ta bayan bel," ka tsaya cak, ka sa alamar tef a inda kake zubawa. Sai a goge, a rufe wurin da tef na takarda, a sake zubawa. In ya daina, ka kama shi. In bai daina ba, ruwan wurin da ka wuce ne ya iso a makare, koma baya taki ɗaya.

Hattara: ban da injin wankin mota mai feshi. Ƙarfinsa yana tura ruwa ta robar da ba ta da laifin komai, ka je ka sayi sabuwa a banza. Masu wankin ma ka riƙa gaya musu su nisanta bakin feshin daga haɗin rufi.

Buta ta fi tiyo a nan, ba don tattalin ruwa kawai ba. Tana sa ruwan daidai inda kake so.

7. Gwajin kumfa, in ruwa ya yi wuya

Kowa ya san halin famfon garin nan, akwai makon da zubar da jarka uku a kan mota zai sa maƙwabta su yi maka wani kallo. Akwai dabarar da kofi biyu ya isa. Rufe ƙofofi da gilasai, ka kunna fankar cikin mota a mafi ƙarfinta, a saitin jawo iskar waje, ba na juya ta ciki ba. Iska za ta cika motar tana neman mafita. Kaɗa sabulu a ruwa ka shafa a kewayen gilashin gaba, haɗin rufi, da bakin ƙofa. Inda iska ke fita, kumfa za ta riƙa tashi.

Gwajin ya fi kyau in ka toshe ramukan fitar iska da ke cikin but, ta gefe bayan bamba, da tef. Ka tuna ka cire bayan an gama. A rufin yadi ba ya nuna komai a jikin yadin, amma yana kama gilashin da gam ɗinsa ya saki fiye da kowace hanya.

Hattara: a fili ake yin wannan in inji yana kunne, ba a rufaffen gareji ba.

Robar ƙofa kuma takarda ta isa. Sa tsinken takarda a bakin roba ka rufe ƙofa a kansa, ka ja. Ka bi kewaye taki-taki. Inda takardar ta zare ba turjiya, roba ba ta matsewa a nan.

8. Inda hannun mutum ya taɓa

In magudanai a buɗe suke, to tambayi kanka wane aiki aka yi wa motar a baya. Yoyo yana son inda aka taɓa kwancewa.

Bayan murfin ƙofa na ciki akwai leda da aka manne da baƙin gam. Ruwa yana shiga cikin ƙofa ta gindin gilashi, haka aka tsara, ledar ce ke hana shi fitowa ta ciki. Mai sa sifika ko mai gyaran injin gilashi yakan yage ta ya mayar da murfi ba tare da ya ce komai ba. Alamarta ita ce ruwa yana fitowa ta ƙasan murfin ƙofa ya haura kan roba.

Wayar amfilifaya ko ta ƙararrawar ɓarayi da aka zuro daga wajen inji, an huda robar bango an bar ta a buɗe, ruwa yana bin wayar kamar hanya. Gilashin gaba da aka canza ba a kankare tsohon gam da kyau ba. Fitilun baya da aka cire don fenti aka mayar ba sosansu. Fitilar burki ta sama, gindin eriya, ramukan fiffiken baya. Motar da ta taɓa haɗari kuwa, ka bi haɗin ƙarfe na cikin but da tocila, gam ɗin da ke rufe haɗin yana tsagewa.

A masu rufin ƙarfe mai naɗewa, irin Peugeot 206 CC da SLK, ka fi mai da hankali inda robobi biyu ko uku suka haɗu a saman gilashin ƙofa. Sau da yawa robar lafiyarta ƙalau, ƙura ce ta kwanta a kai, ko gilashin ne bai kai inda ya kamata ba.

9. Abin da ake shafawa, da wanda ba a shafawa

Roba da ta taurare amma ba ta tsage ba, wanke ta da sabulu, ka shiga lungunanta da tsohon burushin haƙori, ta bushe, ka shafa man silikon na roba ko gilisarin na kantin magani. Bar shi ya kwana, ka goge abin da ya rage don kar ƙura ta manne. Wannan kaɗai yana tsayar da yoyo da yawa.

Hattara: ban da baƙin mai, ban da giris, ban da man burki, ban da basilin. Duk abin da ya fito daga fetur yana kumbura irin wannan robar, ta yi laushi ta lalace. Man burki kuma yana cin fenti.

Ledar ƙofa, a yanko sabuwa mai kauri a manne da baƙin gam mai danƙo da ba ya bushewa, a tabbatar gindinta yana mayar da ruwa cikin ƙofa. Wayar da ta ratsa bango, a sa mata roba, a lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga don ruwa ya ɗiga a waje. Gilashin gaba, gaskiya ɗaya ce, a cire a sake ɗora shi da gam ɗin gilashin mota. Ka gaya wa mai aikin a fili: "Malam, cirewa nake so a yi, ba shafe ba." Ka tsaya ka ga an kankare tsatsa an sa fenti kafin gam.

Silikon na gini, mai warin tsami, shi ne babban kuskuren da nake gani. Tsamin yana cin ƙarfe, fenti ba ya kama inda ya taɓa, gam ɗin gilashi ma haka, kuma mai shafawa yakan rufe magudanar da yake gani kamar rami ne mara amfani. Idan an riga an lafta maka, sai an kankare shi tas kafin gyaran gaskiya ya kama.

Rufin yadi da zarensa ya ruɓe, mai ɗinkin kujerun mota zai iya bin ɗinkin da zaren nailan. Wanda ya tsuke saboda rana har ba ya kai bakin gilashi, ba shafin da zai miƙar da shi, sai sabo. Kuma kar a naɗe shi yana jiƙe, fumfuna yake yi.

10. Sake gwaji kafin ka mayar da kafet

Bayan gam ya bushe, maimaita gwajin buta a wurin, sannan ka bar motar ba kafet, da jarida a shimfiɗe, har ruwan sama na gaske ya sauka a kanta sau ɗaya. Iskar da ke zuwa gaban hadari tana kaɗa ruwa ta gefen da buta ba ta kai ba. Jarida ta kwana a bushe, sai a mayar da soso da kafet, bayan ka matsa su ka tabbatar ba sauran laima.

Soket ɗin da ya yi kore, a fesa masa maganin wanke kayan wuta, a bar shi ya bushe kafin a haɗa. Na'urar da ta nutse, mai gyaran wutar mota ya buɗe ta ya wanke allon cikinta kafin a yanke hukuncin saye.

Mayar da soket ɗin kujeru kafin batir. In ka haɗa batir, gilasan ƙofa kan manta iyakarsu, kuma gilashin da bai kai ƙarshe ba sabon yoyo ne. A yawancin motoci ana sauke shi har ƙasa, a ɗaga har sama, a ci gaba da riƙe maɓallin na ƴan daƙiƙu. Buɗe ƙofa ka rufe, ka ga ya sauka ya koma ya shige cikin roba. Magudanan kuma ka sake bin su da igiya a ƙarshen Mayu, kafin ruwan farko, sannan a tsakiyar Agusta in ƙarƙashin dogon yaro motar take kwana.